Ruwa Mai Ƙyalli da Guɗar Iya Tasalla

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Hudu, da kai nake, ina ganin babban yatsanka yana ta shafa gilashi. Labarin yau ba na gizo ba ne, ba kuma irin wanda ake ji a tashi a kakkaɓe riga a tafi ba. Akwai tambaya a ƙarshensa, kuma ba mai barin inuwar nan sai ya faɗi tasa amsar.

A wani gari da ba sai na kama sunansa ba, akwai wata maguɗiya, Iya Tasalla. Ku da kuka tashi da lasifika ba ku san abin da ake kira murya ba. Matar nan idan ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a bakin kasuwa, masu aiki a fadama sai sun ɗago kai. Kuma ba ta yin guɗa haka siddan. Sai ta fara kiran sunan wanda za ta yi wa, ta ja shi, ta haɗa da na ubansa da na kakansa, sannan ta saki muryar. Shekara arba'in ba a kai amarya ɗaki ba, ba a raɗa wa jariri suna ba, ba a yi saukar karatu ba a garin nan, sai da muryarta a ciki.

Mutum uku ne kaɗai ba su taɓa samun guɗarta ba, su ne 'ya'yan cikinta. Kunya ta hana. Ranar auren kowannensu ma gidan maƙwabta ta gudu ta ɓuya, aka ɗauko wata mai muryar gwangwani daga ƙauye ta yi abin da ta iya. 'Ya'yan ba su taɓa yin ƙorafi ba, amma ni na san abin yana ransu. Sunayensu Sallau, da Barira, da Ilu. Ubansu marini ne, ya daɗe da rasuwa.

Sallau shi ne ɗan fari, tela ne mai shago a bakin tasha. Kun san yadda uwa take da ɗan fari a wajenmu, to Iya Tasalla ta fi kowa tsanani. Shekararsa arba'in da huɗu, ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "mai keke", saboda keken ɗinkinsa. Idan ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta kawar da kai wajen bango ta amsa a taƙaice. Shi yake ɗinka mata kayan salla duk shekara, amma bai taɓa ɗora tef a jikinta ba. Tsohuwar riga take aiko masa, ya ɗauki awo a kanta.

Wata shekara da aka kawo rigar, ya ga an farke wuyanta da reza an sake ɗinkewa da hannu. Abin ya sosa masa rai, don Sallau mutum ne mai ji da aikinsa, ya ɗauka shi ya ɓata awo. Ya ƙara yatsa guda a sabuwar. Shekara ta zagayo, ita ma sabuwar ta dawo a farke. A ta uku sai ya shimfiɗa rigunan uku a kan teburinsa, ɗaya bisa ɗaya, ya tsaya yana kallo har shayinsa ya huce. Kowane wuya ya fi na bara faɗi, kuma duk ƙarin a gefen dama yake. Mai ƙiba ko'ina yake yi, ba a ƙiba gefe guda. Nan ya tuna cewa Iya ta koma naɗa mayafi har haɓa ko ana zafin bazara, ya kuma tuna guɗarta ta bikin ƙarshe, yadda ta tsinke a tsakiya ta ja numfashi.

Da farko ya bi hanyar da aka saba, ya tura ƙanwarsa ta bincika. Iya ta fatattake ta. Ya tura matarsa, ta dawo da ƙullin daddawa da gargaɗin kada ta sake. Sai wata safiya ya rufe shago, ya ɗauki rigunan, ya tsallaka bakin ƙofar da bai taɓa tsallakawa ba tun yana yaro, ya zauna a kan tabarmar uwarsa.

"Iya, ki kwance mayafin nan in gani."

"Mai keke, ka haukace ne? Tashi ka fita."

"Ba zan fita ba."

Tun hantsi yake zaune har la'asar, salla kawai ke tashinsa, ya idar ya dawo. Daga ƙarshe ta kwance mayafin tana kuka. Ƙullutu ne a gindin wuyanta ta dama, ya kai ƙwan agwagwa. Ta gaya masa dalilin ɓoyewar. Tana budurwa an yi wa maƙwabciyarsu Hansatu aikin maƙoƙo, ta dawo da ranta amma ba murya, har ta mutu da raɗa take magana. Iya ta ce ita gara a binne ta da muryarta. Ta yarda za ta je a duba ta, amma ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwar Sallau ba saboda abin da ya yi.

Yanzu bari in gaya muku yadda wuya yake, don ni ma sai da na tambaya aka zana mini a takarda. A gaban maƙogwaron kowa akwai wata 'yar tsoka mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi, likitoci suna ce mata tairod. Ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. A bayan kowane fiffike kuma akwai jijiya siririya, ba ta fi zaren ɗinki ba, su biyun nan su ke riƙe da murya. A babban asibitin birni aka ɗauki hoton wuyan Iya. Aka ga babban ƙullutun a dama, aka kuma ga wani ɗan mitsitsi a hagu, bai fi ƙwayar wake ba. Aka sa siririyar allura aka zuƙo kaɗan daga kowanne, aka duba a madubin likita. Amsar da ta fito ba ta da daɗi: ba su iya cewa ciwon daji ne ba, ba su kuma iya cewa ba shi ba ne.

Likitar tiyata, wata mata mai haƙuri, ta ce mafi aminci a cire tsokar gaba ɗaya. Iya ta tambaye ta jijiyoyin fa. Likita ba ta yi mata ƙarya ba, ta ce za ta kiyaye iyakar iyawarta, amma aiki a gefe biyu haɗari biyu ne. Aka yi lallashi, aka yi magiya, Iya ta kafe a kan magana ɗaya: gefe guda za a taɓa, ɗayan a bar mata. To wane gefen? Idon kowa yana kan na dama, tunda shi ne ƙato. Aka sa ranar aiki, saura wata ɗaya.

A nan Barira ta shigo. Ita ce ta tsakiya, ita ta yi karatun boko mai zurfi, tana koyar da kimiyyar haɗa sinadarai a jami'a. Shekara bakwai tana fama da wani ruwa a wani ɗakin gwaji mai rufin kwano. Mutanen gari suna yi mata dariya, wai an kashe shekaru ana karatu an ƙare a rini kamar uba. Ba su san gaskiya suka faɗa ba. Tana ƙarama ta sha zama tana kallon ubansu yana ɗaure zane da zare kafin ya tsoma a rami, inda aka ɗaure launi ba ya fita, inda aka kwance ya fito. Daga nan ta samo dabarar.

Ruwan nata a kwalba fari ne tas, ka ce na randa. A cikinsa akwai wani launi da ta ɗaure wa baki. Ƙwayoyin ciwon daji suna da wani sinadari da ke cinye wannan ɗaurin, lafiyayyen nama kuwa ba shi da shi sosai. Idan aka ɗiga ruwan a kan ɗan abin da allura ta zuƙo, aka ja labule, aka haska wata shuɗiyar fitila, in akwai ciwon sai wurin ya kama ƙyalli kore. In babu, ya zauna duhu. Ni da son ganin ƙwaf, daga baya sai da na matsa mata ta nuna mini. Wallahi kamar an tara maƙesu, ƙwarin nan masu haske da dare, a kan ɗan gilashi. Na tambaye ta ko wuta ce, ta ce a'a. Na ce ko yana da zafi, ta ce taɓa gilashin ka ji. Na taɓa, sanyi ƙalau, kuma har yau ban gama gane yadda abu zai yi haske ba ya ƙuna ba.

Dama manyan asibitin sun riga sun ba ta izinin gwada ruwan a kan irin waɗannan samfura, har sun ba ta ɗaki sabo fil, mai tayil da na'urar sanyaya ɗaki. Ta roƙi likitar a gwada a kan na uwarta. Likita ta ce ta yarda, da sharaɗin ruwan ya fara faɗin gaskiya a kan samfuran da aka riga aka san amsarsu. Barira ta ce wannan mai sauƙi ne, ai sau ɗari ya faɗa a jami'a. Ta ɗiga, ta ja labule, ta kunna fitila. Duhu. Ta sake, duhu. Ta canza ruwan da take haɗawa da shi, ta canza fitila, ta zauna ta sake haɗa sinadarin tun daga tushe. A cikin mako uku sau biyu kacal ya yi ƙyalli, ba ta kuma san dalilin yinsa ba balle na ƙinsa. Ta rame, ta daina ɗaga waya. Saura kwana tara a shiga da Iya.

Ranar wata Juma'a da yamma ta koma gida, ba ta shiga wajen Iya ba, ta zarce marina ta zauna a bakin ramin ubansu. A nan ta tarar da Ilu, autansu. Ilu shi ne wanda boko ya ƙi. Sau biyu yana maimaita aji huɗu, a na uku ya ajiye jaka ya bi ubansa karofi, shi ya gaji ramukan. Hannuwansa shuɗaye ne har gwiwar hannu, sabulu ya daɗe da sallamawa. Duk zuwan da ake yi asibiti da Iya, shi a waje yake tsayawa da hannuwa a aljihu, don ya lura da yadda masu fararen kaya suke kallonsu. Ya saurari yayarsa har ta gama, yana ta motsa ramin da sanda.

"Yaya Barira, kai ni in ga karofin naki."

Ta yi dariya duk da halin da take ciki. "Ilu, ba fa irin rininka ba ne."

"Launi ne dai ya ƙi kamawa, ko? Kai ni."

Washegari ta kai shi, don ba ta da sauran abin yi. Yana shiga ɗakin ya tsaya cak, ya rungume kafaɗunsa.

"A nan kike rinin?"

"Nan ne. Duk asibitin ba ɗakin da ya kai shi."

"To ai ko shuni ba zai kama a nan ba. Rini yana jin sanyi kamar mutum. Kin manta lokacin sanyi yadda Baba yake rufe rami da asabari, ya hana kowa tsoma zane sai rana ta take? Sau biyun da ya kama miki, wannan abin na bango yana hurawa?"

Barira ta buɗe littafinta. A gefen ranakun biyu, da rubutun hannunta, ta ga ta sa: an ɗauke wuta, zafi ya dame ni. Fitilarta da batir take aiki, saboda haka ba ta taɓa kawo ɗauke wuta a lissafin ba. Ɗakinta na jami'a kuwa na'urar sanyinsa ta mutu tun kafin ta fara aikin, shekara bakwai a cikin gumi take gwaji. Sinadarin da ke kwance ɗaurin a ɗumin jikin mutum yake aiki, idan ya ji sanyi sai ya kwanta. Ta san wannan tun tana ajin farko a jami'a. Amma a asibiti kowa ya yarda sanyi shi ke gyara komai, ita kuma murnar sabon ɗaki ta rufe mata ido. Ta zauna a kan tayil ɗin tana dariya tana hawaye.

Ilu bai jira ta gama ba. Ya ce ta ɗiga ruwan a cikin 'yar kwalbar samfur ta toshe. Ya karɓa ya dunƙule a tafin hannunsa, ya cusa a hammata, ya tsaya yana kallon silin kamar mai jiran mota. Da ya ji a jikinsa lokaci ya yi, ya ce ta ja labule. Ya buɗe hannun nan mai shuɗi a ƙarƙashin fitila, kwalbar tana ƙyalli kore shar a tsakiyarsa.

Daga nan aiki ya koma hannun Barira. Ta samo akwatin ɗumama na asibiti, ta daidaita shi da ɗumin jiki, ta gwada samfura talatin da aka rufe mata amsarsu, ruwan bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sannan aka kawo na Iya guda biyu, su ma a rufe, don kada son zuciya ya shiga. Ɗaya ya zauna duhu, ɗaya ya haska. Da aka ɓare takardar, mai duhun shi ne ƙaton na dama. Mai hasken shi ne ɗan mitsitsin na hagu, wanda ba wanda ya damu da shi. Likita ba ta tsaya nan ba, ta sake sa allura a hagu ta aika aka duba da kyau, aka tabbatar. Ciwon daji ne, yana farkon tashi, kuma ya jingina da jijiyar murya. Na dama ruwa ne kawai ya taru, da allura aka zuƙe shi. Da an bi ido, da an yanke lafiyayyen gefe an bar mata ajalinta a wuya.

Aka yi aiki a hagu, aka fitar da ciwon duka. Kwana uku Iya ba ta ce uffan ba, 'ya'yanta suna zagaye da gado ba mai iya kallon ɗan'uwansa. A na huɗu ta buɗe baki ta ce kunun asibiti ba gishiri ba tsami. Ilu ya fita waje ya yi kuka.

Sai dai jijiyar ta sha wuya wajen raba ta da ciwon. Bayan wata shida likita ta duba maƙogwaron ta ce magana lafiya lau, har tsufa. Guɗa kuwa ta ce a haƙura, don irin ƙarfin da Iya take sa wa muryarta zai iya lalata abin da aka ceto. Iya ta ce ko sau ɗaya? Likita ta ce ita ba ta ba da shawara ba, amma in ya zama dole, ɗaya, gajera, daga ita kuma a rufe.

Iya Tasalla ta tara dangi ta ce ta yi wa 'ya'yan garin nan kaf guɗa, nata ba ta taɓa yi wa ba, kuma ta ga mutuwa kusa, kunyar ta ishe ta haka. Guɗa ɗaya ta rage mata, za ta yi ta ranar walimar samun sauƙinta, ga wanda ya ceci muryar. Wata gwaggo ta ce ai sai ta haɗa su ukun. Iya ta ce numfashinta ba zai ɗauki suna uku da guɗa ba, kuma ita tunda take ba ta taɓa yin guɗa ba suna ba, ba za ta fara a ta ƙarshe ba.

Nan gardama ta tashi, har yau ba ta kwanta ba. Masu goyon Sallau suka ce ba don idonsa ba, da Iya tana nan da mayafinta har ciwon ya cinye ta, ba a kai ga ruwa ko ɗumi ba. Shi ne kuma ya taka abin da ba a takawa, ya sha fushin uwa wata uku. Aka ce musu ai ƙullutun da ya gano ma ba shi ne ciwon ba. Suka ce shi ne dai ya kai ta inda aka ga na gaskiyar.

Masu goyon Barira suka ce kai mutum asibiti kowa yana iyawa, kuma an kai ta ɗin, likitoci sun duba sun rasa amsa, wuƙa ta nufi gefen da ba shi ba. Shekarunta bakwai na gumi da gorin mutane su suka nuna inda ciwon yake. Aka ce musu ai ruwan nata ya mutu a hannunta mako uku. Suka ce da babu ruwan, me Ilu zai ɗumama?

Masu goyon Ilu suka ce ruwan da ya ƙi aiki da ruwan randa duk ɗaya ne, saura kwana takwas kuma babu mai digiri ko ɗaya da ya gano matsalar. Aka ce musu aikinsa bai fi na rabin sa'a ba. Suka ce rabin sa'ar nan shekara ashirin ya yi a bakin rami kafin ya same ta, ya kuma shiga inda yake jin kunyar fito da hannunsa.

Su ukun ba wanda ya ce a ba shi. Amma an ga Sallau ya ɗinka wa kansa sabuwar riga, shi da bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. An ga Barira ta ɗauki hutu tun saura mako guda. Ilu kuwa kwana uku ke nan bai taɓa rami ba, yana ta dirzar hannu da toka da lemun tsami.

Walimar jibi ce bayan la'asar. Iya Tasalla ta aiko a tambaye ni, a matsayina na abokin mijinta, na juya maganar ta kowace fuska na kasa. Za ta tashi tsaye, ta kama hanci, ta kira suna ɗaya, sauran biyun kuma su ji da kunnensu, har abada ba za a kira nasu ba. To, ku da kuke da bakin gardama, ku faɗa mini: Sallau, ko Barira, ko Ilu, sunan wa ya kamata ta kira?